Taku Ashirin a Hawashar Jibirin

Hillat Ɗan'auta, kusa da Kamlin,
14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga ƙawata Hindu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Afirka ta Kudu. Yaya karatu, yaya baƙunci? Yaya su Baba, sun koma Abu Na'ama ko har yanzu? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Haka ake rubutawa, shi ya sa na rubuta.

Saƙonninki sun iso duka goma sha ɗaya a rana guda, ranar da na shiga Kamlin na sami shabakar waya. Ki yafe mini shirun. Da hannu nake rubuta wannan, in ɗauki hotonta, in tura miki ranar kasuwa. Da Hausa kuma na rubuta, sai ki daure ki haɗa baƙi, na san Hausarki rabi ce. Na gwada da Larabci, sai ta fito kamar takardar neman izini wurin shugaban sashe.

Na ga kin turo sababbin taswirorin Mai Buta, kin ce farantan rediyon can sun saurare shi a mita huɗu daban-daban, kina so in duba in rubuta nawa kason na takardar binciken. Na sauke su a waya. Ban buɗe ba.

Ban sani ba ko na taɓa gaya miki wanda ya raɗa masa wannan suna. Yayana ne, Jibirin. Hutun shekararmu ta farko na nuna masa hoton a waya, na yi ta zuba masa bayani ina jin kaina. Na ce gungun taurari ne mai nisan da ba a faɗa da mil, a tsakiyarsa akwai baƙin rami mai haɗiye komai, amma daga bakin ramin wani abu siriri yana fesowa da gudun da ya kusa na haske, ido ba ya ganinsa sai farantin rediyo. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce shi dai buta ya gani an karkata ta. Sai ya tambayi 'yan sandunan nan da muke zanawa a kan feshin. Na ce igiyar rediyon da ke fitowa tana kaɗawa ta wani gefe ne, sandar ita ke nuna gefen, da ita muke gane yadda maganaɗisu ya kwanta a cikin feshin. Ya ce to ai ciyawar cikin tur'a ke nan, babbar magudanar ruwan gonakinmu, da ke nuna inda ruwa ya nufa. Na ce kusan haka, sai dai tamu sandar ba ta da kai ba ta da gindi. Tana nuna kwanciya, ba ta nuna inda aka dosa. Ya yi dariya ya ce shekara nawa zai yi yana noma mini alkama kafin a koya mini sa wa sanda kai.

Kin san ya rasu, kin yi mini ta'aziyya tun bara. Abin da ban gaya miki ba shi ne ba mu san inda yake ba.

Lokacin da yaƙi ya sa muka gudu Gadarif ya ƙi bin mu, saboda dawa ta fitar da kai. Bayan kwana tara masu bindiga suka same shi a bakin tur'a. Maƙabartar garinmu tana gefen hanya, inda motocinsu suke tsaye, don haka mutum uku da suka rage suka binne shi a cikin hawasharsa, wato gonarsa ta bakin tur'a, a tsakiyar dawa, tsakanin la'asar da magariba. Sun kifa fasasshen tulu a wurin. Mu kuwa sai watan Agusta muka dawo. Damina ta bi ta kai, awaki sun bi, ciyawa ta kai ƙugu. Babu tulu, babu tudu. Fadan biyar ne gonar, wajen eka biyar ke nan, shimfiɗe take ba ko tsini.

Yanzu an yashe tur'a. Samad, wato mai lura da rabon ruwa a layin gonakinmu, ya zagaya ya ce ruwa zai shigo ranar goma ga Nuwamba, tarakta kuma mako guda kafin nan. Kawu Audi, ƙanin Inna, shi ya karɓi hawashar, kuma baki goma sha ɗaya ke jiran alkamar nan. In garma ta bi ta kai, ruwa ya biyo baya, shi ke nan, ko waɗanda suka haƙa ramin ba za su ƙara sanin wurin ba.

Kullum da safe Inna takan tafi gonar. Tana tsayawa a bakin iyaka. Ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba tun da muka dawo, wai kada ta taka shi. Takan daɗe a tsaye, sannan ta dawo ta hura wuta.

Ni kuwa, Hindu, ina ci, ina wanka, ina barci har da minshari in ji 'ya'yan Kawu. Mata suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Kin san ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ki tsungule ta ki ji kamar ta wani ce? Haka nake tun bara. Ban yi kuka a Gadarif ba, ban yi a nan ba, kuma ba riƙewa nake yi ba.

Zan duba taswirorin in Allah ya yarda, amma kada ki jira ni. Ki gaida duk wanda ya tambaye ni.

Taki har kullum,
Sabuwa.

27 ga Oktoba, 2025.

Ƙawata Hindu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, zafin da kika ce ya fara a can bai dame ki ba. Ƙasar da ake shiga zafi a Oktoba, Allah ya ba ki haƙurin zama da ita. Inna ta ce in gaishe ki, ta ce ko kina samun kisrar dawa ki ci a can.

Amsarki ta iso. Kin ce in nemi waɗanda suka binne shi. Kafin ki faɗa na riga na fara.

Na farko Malam Salih ne, limaminmu, wanda ya yi masa salla. Ya doshi tamanin, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Na ɗauko shi a keken jaki zuwa bakin gonar. Ya tsaya a bakin ƙaramar magudanar da ke shigo da ruwa cikin hawasha, ya miƙa sandarsa wajen bishiyar gawo, ya ce taku sittin. Bai yi ko ɗar ba.

Na biyu Mujtaba ne, wanda ya haƙa. Yana Gadarif yana yankan riɗi, a waya na same shi. Ya ce sam ba su yi nisa ba, taku ashirin ne daga gaɓar tur'a, don suna so in an hango su su faɗa cikinta. Ya rantse har sau biyu ban nema ba.

Ta uku Asma'u ce, 'yar sansanin 'yan ƙwadago da ke bayan gari. Ita ta cire farin tob ɗinta, mayafin jikinta, aka naɗe shi a ciki, don babu likkafani. Ba ta ƙirga taku ba. Ta ce tana kwance rub da ciki a inda gaɓar tur'a ta zabtare, tana gadin hanya, tana hango ƙafafunsu ta tsakanin karan dawa. Ta kai ni wurin, ta kwanta yadda ta kwanta ran nan, ta miƙa hannu.

Na dawo gida da wurare uku, Hindu, ba ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa. Ina zaune ina tsince wake sai darasin farko na malaminmu Ustaz Sa'id ya faɗo mini. Kin tuna ya ce sandar da ta iso faranti ba haka ta taso ba, iskar da ta ratsa a hanya ta murɗa ta, kuma kowace mita da irin murɗar da aka yi mata. Shi ya sa ba a yarda da mita ɗaya. A saurari uku ko huɗu, a gano yadda aka murɗa kowace, a warware, a koma baya zuwa yadda ta taso. Na san wannan ba kimiyya ba ce, kada ki yi mini dariyar nan taki ta hanci. Amma abin da na iya ke nan, sai na yi.

Na sa Malam Salih ya yi mini tafiya a ƙofar masallaci. Takunsa sittin, nawa arba'in ne. Na koma gaɓar tur'a na duba, ashe motar da ta yashe ta ta zube laka ta gefen gonaki, gaɓar yau ba ita ce ta bara ba, ta matso ciki da taku goma sha wani abu. Asma'u kaɗai na bari yadda take, don ita ba ta motsa ba ran nan, kuma ba ta ce ta san abin da ba ta sani ba. Na kafa turaku, na ja igiyoyi uku. Sun matso kusa da juna, amma ba su haɗu a wuri ɗaya ba. Da na ƙara kuskuren da kowa zai iya yi, sai na sami fili mai taku ashirin a tsaye, sha biyu a kwance. Yana cikin nan. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Kawu Audi ya zo ya zagaya turakun sau biyu, hannunsa a baya. Wurin ya faɗo a inda gonar ta fi kyau, kusa da bakin ruwa. Ba mugun mutum ba ne, shi ya ɗauke mu a Gadarif, shi ya sayar da agogonsa ranar da Inna ta kwanta. Ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Ya bitti, ɗiyata, uwakki ba hisabi taka biɗa ba. Ki nuna mata wuri guda nan tsakiya, mu aza dutse, mu kewaye shi, halas, shi ke nan. Ke in kin ce nan ne, ta yarda."

Gaskiya ya faɗa, za ta yarda. Duk garin nan za su yarda, don sun ɗauka wadda ta je jami'a ta auna taurari ba za ta kasa auna fadan biyar ba. Kuma taku huɗu da biyu kawai za a bari, sauran duk ya zama abinci.

Kin tuna taswirarmu ta farko, wadda muka cika ta da sanduna har gefe, ta yi kyau kamar zanen lalle? Ustaz ya sa muka goge fiye da rabi. Ya ce duk inda saƙon bai ninka hayaniya sau uku ba, a bar shi fari, don sandar da aka zana a wurin ba ta sama ba ce, ta mai zanen ce. Ke har kuka kika yi a bayan laburare, ni na saya miki shayi. To, na ce wa Kawu ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba. Kada ki ɗauka jarunta ce ko tsoron Allah. Bakina ne kawai ya ƙi buɗewa ta wannan gefen. Ina faɗa ina kallon wata tururuwa a kan takalminsa.

Ya ce direban tarakta ba ya son kewaye-kewaye, kuma shi ba zai iya kallon idon yara ya ce musu ya bar musu alkama a takarda ba. Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba. Hawashar a hannunsa take, in ya ce a nome duka, za a nome.

Jiya Inna tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke da ka ganin abin da ke bayan taurari, ga ɗan'uwanki nan ƙarƙashin ƙafa." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce haka ne, na ci gaba da tsince wake.

Saura kwana bakwai tarakta ta zo. Ki sa mu a addu'a, ke da taki ke fita da sauƙi.

Taki,
Sabuwa.

13 ga Nuwamba, 2025.

Hindu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya. Wannan gajeriya ce, mai keken da zai kai ni Kamlin yana jira.

Tarakta ta zo ranar uku ga wata. Bayan sallar asuba na ɗauki tabarma na shimfiɗa a cikin turakun, na zauna. Ban shirya wata magana ba, kuma ba wanda ya nemi in yi. Direban ya taho kai tsaye har na ji zafin injin a fuskata, sannan ya tsaya ya dubi Kawu. Kawu ya daɗe yana kallon wajen gari. Daga nan ya kaɗa masa hannu, direban ya karya kan mota ya kewaye. Ya kamata in ji tsoro, ko in ji daɗi daga baya. Abin da na lura da shi kawai shi ne fitilar taraktar ɗaya a fashe take.

Da yamma Kawu ya ɗauko fartanya da kansa ya tayar da kunya mai tsayi kewaye da filin, don kada ruwa ya shiga. Bai dube ni ba, bai kuma bar kowa ya taya shi ba.

Ruwa ya shigo ranar sha ɗaya, ya makara da kwana guda. Shekara biyu rabon gonakin nan da ruwan tur'a. Mata suka yi ta guɗa, tsofaffi suna ɗiba suna shafa wa fuska. Na tsaya na ga ya malala cikin hawashar, ya zo ya rabu biyu a jikin kunyar, ya haɗe a baya. Yanzu gonar duk baƙa ce jiƙaƙƙiya, sai fili ɗaya busasshe a cikinta. Inna ta matso, a kan kunyar take tsayawa yanzu. Har yau ba ta sauka ciki ba.

Na buɗe taswirorinki, don ba ni da abin yi da la'asar. Ki sake duba mita ta uku. Sandunanta duk sun karkata da awo ɗaya, har a kan tauraron da kuke gwada na'ura da shi, don haka ba Mai Buta ba ne, na'urarku ce ba a daidaita ba. In kin gyara wannan, ina ganin za ki tarar sandunan gefen feshin sun kwanta a tsawonsa, na tsakiya kuma sun gitta, kamar igiyar da aka naɗe a jikin kara. Abin da muka yi shekara biyu muna fata ke nan. Da a da ne da na taka rawa a tsakar gida har Inna ta kore ni. Na duba, na ga daidai ne, na kashe wayar don batir.

Kin ce za ki sa sunana a takardar. Dakata tukuna, ban yi aikin da ya kai ba.

Ki huta lafiya.
Sabuwa.

9 ga Disamba, 2025.

Zuwa ga ƙawata, 'yar'uwata Hindu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya ke da malamanki. Na ji daɗin jin su Baba sun isa Abu Na'ama, Allah ya zaunar da su lafiya. Sanyi ya shigo nan, alkama ta rufe ƙasa, ta kai tsawon yatsa uku. Na gode da kika ce mita ta uku ta gyaru. Na gaya miki ai, sai da kika yi musu kwana biyu, halinki bai canza ba.

Ki zauna ki karanta wannan a hankali.

Bayan ruwan farko na shiga filin nan na cire ciyawar da hannu, ba takalmi, ina sallama duk inda zan taka. Ba don wani dalili ba, ganinta ne ya dame ni. Da ciyawar ta tafi, rana ta bugi ƙasar kai tsaye. Kin san baƙar ƙasarmu in ta bushe, tsagewa take yi ta ko'ina, har kaza ta rasa ƙafa a ciki. Cikin mako biyu filin ya tsage kaf.

Wata safiya ina zaune a kan kunya ina kallon tsagun, sai na ga hannuna yana zana su a ƙasa da tsinke. Na koma gida na ɗauko igiya da littafina mai gidaje-gidaje, ragowar na jami'a. Na raba filin taku ɗaya-ɗaya, gida ɗari biyu da arba'in. A kowane gida sai in tsuguna in duba tsagar da ta fi girma, in zana 'yar sanda ɗaya a takarda yadda ta kwanta. Wallahi, Hindu, ba nemansa nake yi ba. Na riga na cire rai. Aikin da hannuna ya saba ne kawai, kuma yana cinye yini. Matan da ke wucewa ɗebo ruwa suka fara magana ƙasa-ƙasa, ina jin an kai wa Inna labarin cewa kaina ya taɓu.

Kwana huɗu na yi. Ranar da na gama na shimfiɗa takardar a kan tabarma, na ja da baya yadda Ustaz ya koya mana, don kusa-kusa ba a ganin komai. Sanduna ta ko'ina, wannan gabas, wannan kudu, kowace da inda ta sa gaba. Hayaniya tsantsa. Sai a lungu ɗaya, wajen tur'a, taku biyu kacal daga kunyar Kawu, na ga sun kwanta a jere. Layi biyu, kusa da juna, kowane gida uku a tsawo.

Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin filo. Na yi girki, na wanke kwanuka. Na san ido yana ganin abin da yake so, don haka washegari na nemi Asma'u, na ba ta sabuwar takarda da fensir, na nuna mata yadda ake yi, ban gaya mata inda na gani ba. Ba ta yi makaranta ba, amma mai zanen lalle ce, hannunta ya fi nawa. Ta yi kwana biyu a tsugune. Da ta kawo, na ɗora tata a kan tawa na ɗaga su wajen rana. A ko'ina mun saɓa, wani wurin kaɗan, wani wurin da yawa. A lungun nan sandunanmu sun hau kan juna.

Sannan na je wurin Kawu, wanda rabonsa da yi mini magana kwana arba'in. Na ce ya zo da rodin ƙarfe. Bai tambaye ni dalili ba. Ya soka a tsakiyar filin, inda ya so mu aza dutse, rodin ya shiga tafin hannu ya tsaya. Ya soka a wurare biyar, haka. Na nuna masa gefen layin nan, na ce a hankali. Ya ɗora, bai ko danna sosai ba, rodin ya tafi har gwiwar hannu. Ya zare shi da sauri, ya goge da bakin rigarsa, ya zauna a ƙasa. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take, shi ya fi ni sanin wannan. Ya ƙirga da ido daga tsakiya zuwa wurin, taku tara ne.

"Da kin ji maganata," in ji shi, "da garma ta bi ta kansa."

Na ce ai shi ya tayar da kunyar. Iyakar abin da muka ce wa juna ke nan.

Saura abu ɗaya. Ramin ya kwanta ne gefe ɗaya wajen tur'a, gefe ɗaya wajen gari, kuma bai yi daidai da yadda kaburburan maƙabartarmu suke kwance ba, don cikin sauri aka haƙa. Na tambayi Malam Salih, ya ce kan yana wajen tur'a, shi ya tallafe shi da hannunsa. Na kira Mujtaba, ya rantse kan yana wajen gari, shi ya shiga ramin ya karɓa. Asma'u ta ce lokacin da za a saka shi ta juya fuskarta wajen hanya, ba ta gani ba. Wannan karon babu abin da zan warware. Mutum biyu, magana biyu, kuma ba wanda zai tone shi don a duba.

Ranar Juma'a da safe muka tafi da Inna. Ta tsaya a kan kunya kamar kullum. Na sauka na tsaya a gefen wurin, inda Kawu ya jera ƙananan duwatsu. Ta daɗe tana duban ƙasar da ke tsakaninmu. Sannan ta cire takalmanta, ta ajiye su a jere a kan kunyar, ta sauko. Taku biyu ne, amma sai da na riƙe mata hannu.

Ta tsuguna ta shafa tsagar nan mai tsawo, daga wannan ƙarshe har wancan. Ta ce tana so ta tsaya wajen kansa ta yi masa addu'a yadda ake yi, ta tambaye ni ina ne kan. Idonta a kaina yake, irin kallon da ta yi mini ranar da na dawo da takardar shaidar jami'a. Da na nuna ko'ina da ta yarda.

Na ce, "Inna, na san a nan yake kwance. Ban san inda kan yake ba."

Na zaci za ta sake cewa abin da ta ce ran nan game da taurari. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"To ki tsaya can, ni in tsaya nan. Dole ɗayanmu na wajen kansa."

Ta tsaya wajen tur'a, na tsaya wajen gari. Ta ɗaga hannu ta fara. Ni ban iya addu'ar ba, ta ɓace mini gaba ɗaya, har Fatiha sai da na lalubo ta. Ƙasar tana da sanyi a tafin ƙafata, na ji sanyin sosai, har cikin haƙora. Ban sani ba ko ni ce a wajen kansa, Hindu. Amma na sunkuya na rage murya, ko da ni ce. Na gaya masa alkama ta fito. Na gaya masa har yanzu ba a koya mini sa wa sanda kai ba. Daga nan ban iya ƙara komai ba, sai Inna ce ta zagayo ta ɗaga ni.

Ki sa sunana a takardar, ki turo mini kasona in rubuta. Ki gaida su Baba in kun yi waya, ki ce ina yi musu barka da komawa gida. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Sabuwa, ƙanwar Jibirin.